Gwangwanayen Malam Bawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina hura wuta a maƙera aka zo mini da labarin rasuwar Malam Bawa na elementare. Zazzaɓi ne, can gidan wansa a Bungudu.

Na ajiye zuga-zugi. Kuka ya ƙi zuwa, sai haushi.

Bawan Allahn nan ya wahal da ni. Kullum yana bakin rumfata da tsofaffin gwangwanaye: huda wannan, yanke wancan, yara za su yi gwaji. Amma ni da ban taɓa shiga aji ba, na koyi boko a jikin motoci, shi ke ajiye mini tsohuwar jarida ban roƙa ba.

Sai dai ka tambaye shi abu, ba amsa. "Kai mi ka gani?" Shi ke nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ya zo da ƙasa ƙulle a tsumma: lakar Bungudu, jar ƙasar Tsafe, jigawar nan Gusau. Ɗalibansa 'yan aji uku suka zuba a gwangwani suka shuka gyaɗa, kowa da tsinkensa na awon tsayi. Na ce, "Malam, wacce za ta fi? Faɗa mini in huta." Ya yi dariya. "Maƙeri, in na hwaɗa maka, mi za ka dawo nema?"

To, ga abin da ya ƙona mini rai. Na je makaranta ta'aziyya, na tarar hedimasta ya sa a kai gwangwanayen bola. Wai Baturen makaranta na tafe, kada ya ga shara. Gyaɗar da ta buɗe ganye ce shara! Yaran na tsaye suna kallo, tsinkaye a hannu.

Na gaya masa abin da na gaya masa. Yau ranar rasuwa ce, ba zan maimaita ba.

Na ari jaki na kwaso gwangwanayen. Suna bayan rumfata, na kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Iyayen 'yan aji uku, ku turo mini su gobe in an tashi, da tsinkayensu. Na riga na ga ƙasar da ta tsere wa sauran. Wallahi ba zan faɗa musu ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa, Ya sanyaya masa ƙasar da ya kwanta a ciki. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba, ku taya ni yi masa addu'a.