Bargunan da Aka Bari a Ajame

Abijan zuwa Wagadugu

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar gidanmu a unguwar Biyafara ta Tireshbil, ni da maigidana Alhaji Musa da 'yarmu Nana, mai shekara goma sha shida, wadda ke fama da sikila. Alhaji haifaffen Abijan ne, aikin fitar da kaya yake yi a tashar jirgin ruwa, Faransancinsa ya fi Hausarsa ƙwari. Shi ya tsiro da tafiyar nan: wai a hutun ƙarshen shekara sai ya ga hamadar da kakansa ya fito, ya kwana a tanti, ya hau dutse kamar Bature. Ni 'yar Kano ce, na san abin da sanyi ke yi wa mai sikila, don haka na ce ban yarda ba. Nana ta yi ta kuka tana "Maman, pardon," har na sauko, bisa sharaɗi ɗaya. Na je kasuwar Black Market na sayo manyan barguna huɗu da rigunan sanyi, na cusa su a buhu, na ɗaure da hannuna.

A unguwar Ajame muka tarar da direba Isufu da motar kat-kat mai shiga daji da Alhaji ya yi haya. Ana lodi muka shiga gidan wata ƙawata yin salla. Da muka fito har an ja tamfol an ɗaure.

"Baban Nana, buhuna fa?"

"Yana sama, Hajiya. T'inquiète, kada ki damu."

Kafin Buwake na daina ƙirga shingayen jandarmomi. Kowanne sai ya juya takardunmu kamar mai zaɓen tumatir, har a miƙa masa na kofi. Muka kwana a Ferke, washegari da magariba muka shiga Wagadugu.

Yamai zuwa Agadas

A Yamai muka huta kwana ɗaya, na sayi kilishi na jaka biyu, wato sefa dubu biyu, wanda rabinsa yaji ne. Daga nan zuwa Agadas ya haura kilomita ɗari tara. Tun daga Tawa sanyi ya soma cizo, amma duk masaukin da muka sauka akwai abin rufa, shi ya sa ban nemi buhuna ba. Wannan sakacin har gobe yana ci mini rai.

A Agadas muka ɗauki ɗan jagora, wani Buzu mai suna Agali. A gabana ya ce, "Alhaji, kuna da abin rufa? Saman dutsen Bagzam ruwa kan daskare."

"Muna da komai," in ji Alhaji, ko ido bai ƙifta ba.

Dutsen Bagzam

Wuni guda muka yi mota na jijjiga mu a kan duwatsu da busassun ƙoramu, muka kwana a wani ƙauye a gindin dutsen. Da safe aka ɗora kaya a kan jakuna, na hango buhu na ce nawa ne. Isufu ya zauna wurin mota, mu muka kama hawa a ƙafa. Gaskiya wurin da kyau, baƙaƙen duwatsu da 'yan lambuna a tsakaninsu. Nana na gaba tana dariya, ni ina baya ina haki. Da la'asar muka kai sama.

Rana na faɗuwa iska ta canza. Na kwance buhu. Tanti ne mai raga, irin wanda ake kafawa a bakin teku, da gidan sauro uku, da fanka mai batir. Fanka, jama'a!

"Alhaji, ina barguna?"

Ya sosa ƙeya. "Hajiya, babu wuri a mota. Na bar su a shagon abokina a Ajame, na sa kular ƙanƙara. Le désert, c'est la chaleur, hamada ai zafi ce, kowa ya sani."

"Kowa wa? Mutanen Tireshbil da ba su taɓa ganin leɓensu ya tsage ba? Ka bar bargon 'yarka ka ɗauko ƙanƙara, sannan ka dubi idona tun a Ajame ka ce mini yana sama?"

Agali ya ba mu bargonsa ɗaya tilo, ya hura wuta. Na rufa wa Nana duk zanen da na zo da shi, na rungume ta. Bai isa ba. Kafin asuba ciwon ya tashi, ƙafafu da baya, tana ihu tana kiran sunan Allah. Na ɗauki buta zan ɗumama mata ruwa, na tarar samansa ya daskare. Agali ya ruga wata bukka ya taso wata dattijuwa, Fatimata. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta dubi yarinyar kawai ta sa aka kai ta bukkarta, ta lulluɓe ta da bargon gashi, ta yi ta gasa mata ƙafa da duwatsu masu ɗumi a cikin tsumma.

Da gari ya waye aka gwada ɗora Nana a jaki, ta kasa jure girgizar. Alhaji ya tuɓe rigarsa ya ƙara mata, ya goye ta. Haka ya sauko da ita dutsen nan da singileti, tun hantsi har azahar, takalminsa ya yage, ƙafarsa na jini, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Ina biye da shi, ban ce masa sannu ba.

Komawa gida

Kwana shida muka yi a asibiti a Agadas, aka yi mata ƙarin ruwa da jini. Likita ya ce da mun ƙara dare ɗaya a sama, da wani labarin ake yi. Muka juyo ta hanyar da muka zo, motar shiru kamar gidan makoki, sai dai in an zo shinge a ji Isufu yana roƙon jandarma. Bayan kwana huɗu, ƙarfe tara na safe, muka tsallaka gada muka shiga Tireshbil. Matan tsakar gida suka fito suna yi mini jaje, "Yako, Hajiya, yako."

Na gode wa Allah da ya dawo mini da 'yata da rai. Na gode wa Agali da Isufu, da Fatimata wadda ba zan sake gani ba. Nana ta koma makaranta, amma ƙugunta na hagu bai koma daidai ba, tana ɗingishi, likitoci sun ce sai haƙuri. Kullum da safe ubanta ke riƙe ta har bakin titi. Ran nan ta ce mini, "Maman, ki yafe wa Papa mana, ni ai na yafe."

Na ce mata, "Ke kike da ƙafar, ki yafe. Ni da nake jin takunki kullum a tsakar gida, tukuna."