Hanyar da Zaharadden Ya Nuna Musu

Yayana Zaharadden bakaniken keke ne. Shekararsa arba'in da huɗu, a nan Jidda aka haife shi, a unguwar Kurayyat, kuma har yau ba shi da takardar da ke cewa shi ɗan wani wuri ne. Ni ce ƙanwarsa Rabi'a. Na auri Othman, Bahaushen Sudan mai iƙama, wato izinin zama a ƙasar, na samu shiga ƙarƙashin takardarsa, shi kuwa Yaya aka bar shi a waje. Shekara guda ke nan da abin da aka yi masa a bikin tseren keke, kuma duk sanda na tuna sai in ji ƙirjina ya ɗauki zafi.

Mahaifinmu, Malam Usuman, aikin hajji ya kawo shi daga ƙasar Katsina, bai koma ba. Sana'arsa ita ce kai wa makiyayan raƙuma kaya a bayan gari, can wajen Usfan: sukari, ganyen shayi, batir, maganin ciwon kai. A keke yake ɗaurawa. Ba ya bin kwalta, domin a kan kwalta ake kafa shingen bincike. Sai ya bi ta hanyoyin tsakuwa, ta cikin kwaruruka da baƙaƙen duwatsu. Tun Yaya yana shekara goma sha huɗu yake bin sa. Ya san inda rairayi ke haɗiye taya, ya san rijiyar da ruwanta ke shayuwa da wadda sai raƙumi. Ɓuya ce ta koya musu hanyoyin nan, su biyun.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ya kama aiki a shagon kekuna na wani mutum mai suna Hatim a unguwar Aziziyya. Shekara goma sha tara yana ɗakin baya, inda mai shigowa ba ya ganin sa. Idan ya ɗaure wayoyin ƙafar keke ya juya ta, sai ka rantse a tsaye take. Mutum ne marar magana. Ko cutar sa aka yi, sai dai ya ce "ma'alesh", wato ba komai, ya ci gaba da aikinsa. Wannan halin nasa ya daɗe yana ba ni haushi.

'Yan shekarun nan sai ga wani sabon yayi a garin. Masu hali suka fara sayen kekuna masu faɗin taya, suna fita jeji ranar Juma'a suna hawa kan tsakuwa don nishaɗi. Cikinsu akwai Meshari, shugaban wata ƙungiyar mahaya, mai zama a unguwar Safa, wanda ke kawo kekensa shagon. Wata rana yana yi wa Hatim ƙorafi cewa suna son shirya babban biki, tseren kilomita ɗari da sittin a kan hanyar ƙauye, amma duk hanyar da suka bi sai ta mutu a gindin dutse ko ta faɗa kwalta. Hatim ya yi dariya ya nuna ɗakin baya.

"Ga wanda ya san kowane dutse a can da sunansa."

Wata uku, kowace Juma'a bayan asuba, Yaya yana gaba a keke, Meshari yana biye a mota da wayarsa tana zana taswira. Shi ya haɗa musu hanyar kaf. Shi ya nuna inda za a kafa tantunan ruwa, shi ya je ya zauna da makiyaya ya sha shayinsu ya roƙe su su janye raƙuma ranar bikin, domin sun san ubansa. Abu ɗaya ya nema. Ya ce yana son ya shiga tseren kamar kowa, a manna masa lamba a keke.

"Halas, an gama, ya Zaharadden," in ji Meshari. "Lamba ta ɗaya ma taka ce."

Ban taɓa ganin Yaya haka ba. Ya haɗa wa kansa keke da tarkacen da masu kuɗi suka yar, ƙarfe daga nan, giya daga can. Ya daina shan sukari a shayi. Yana zuwa gidana ya zauna yana ba Othman labarin hawa da gangara har abinci ya huce. Da aka buɗe rajista ta waya, sai ga gurbin lambar katin shaida, in ba ka cike ba ba ta wucewa. Ya kira Meshari. Meshari ya ce kada ya damu, da hannunsa zai rubuta shi.

Na ce, "Yaya, ka sa ya turo maka a rubuce."

Ya ce, "Rabi'a, wata uku muna cin gurasa ɗaya da mutumin nan."

Ranar bikin ta faɗo wata Juma'a a watan Janairu. Ni da Othman muka tafi a motarsa ta ɗaukar kaya. Yaya ba zai iya bin mu ta kwalta ba, don haka tun ranar Alhamis da la'asar ya hau kekensa ya bi ta jeji, ya kwana a rugar makiyaya. Kafin a fara tseren ma ya riga ya taka kilomita sittin da babu mai lissafa masa.

Filin ya cika. Tantuna farare, tutoci, lasifika, masu sayar da gahawa, mahaya kusan ɗari uku da hulunan kwano masu ƙyalli. Yaya ya shiga layi da wankakkiyar rigarsa. Budurwar da ke raba lambobi, Layan aka rubuta a ƙirjinta, ta duba takardarta daga sama har ƙasa, ta sake dubawa, ta ce babu sunansa. Aka kira Meshari. Ya zo yana murmushi, da wata riga ruwan ɗorawa a hannu, irin ta ma'aikata. Ya ja Yaya gefe, ni kuma na bi su.

"Ya akhi, ɗan'uwana, na gwada, wallahi na gwada. Izinin da aka ba mu ya ce kowane mahayi sai da shaida. Akwai maganar inshora. Amma ga wannan, ka zauna a tanti na uku ka riƙa duba kekuna. Kai ne babban bakaniken biki."

Yaya ya ce, "Yaushe ka sani?"

Meshari ya kalli agogonsa. "An ɗan kwana biyu."

"Kwana nawa?"

"Tun farko an faɗa mana, amma na ɗauka zan iya..."

Tun farko. Ashe tun kafin Juma'ar farko ya san babu lambar da za a ba shi, ya bar shi yana taka keke a gaban motarsa wata uku. A daidai lokacin mai lasifika ya fara yabon Meshari, wai gwarzon da ya gano wannan ɓoyayyar hanya da ba wanda ya taɓa bi. Jama'a suka tafa. Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na faɗa masa da Larabci, yadda kowa zai ji, cewa ubanmu ya bi hanyar nan da buhun sukari tun shi Meshari bai iya tsarki ba, kuma shi maƙaryaci ne. Mutane suka fara juyowa. Othman ya riƙe mini hannu, yana nuna mini motar jami'an tsaro da ke bakin fili.

"Rabi'a, ya isa," in ji Yaya.

Ya karɓi rigar, ya ninke ta, ya ajiye a kan tebur. Aka busa usur, mahaya suka tashi, ƙura ta rufe su. Ya tsaya yana kallo har na ƙarshe ya ɓace. Ya duba iskar tayarsa da babban yatsa, ya ce wa Othman mu same shi da ruwa a tanti na biyu. Sai ya hau ya bi bayansu, ba lamba.

Tanti na biyu yana kilomita casa'in. Muka jira. Rana ta ɗaga, 'yan gaba suka fara isowa fuska duk gishiri. Na ƙirga mutum goma sha tara, na ashirin shi ne. Ya miƙa gorarsa ga mai zuba ruwa, mutumin ya leƙa gaban keken, ya ce ruwa na masu rajista ne. A wurin da Yaya da kansa ya zaɓa aka kafa tantin. Na ruga na cika masa daga jarkarmu, na cusa masa dabino a aljihu. Ya taka kekensa ya wuce.

Abin da ya faru bayan nan daga baya ya ba mu labari. A wani kwari, ruwan saman da aka yi mako biyu kafin nan ya kwashe alamar da ke nuna kwana, ba wanda ya je ya duba. Yaya ya hango mutum takwas sun miƙe sun nufi inda babu komai sai rairayi mai zurfi da dutse, ba rijiya, ba sabis na waya. Ya bi su yana ihu har suka juyo, sannan ya tsaya ya tara duwatsu ya yi wa na baya alama. Na ce masa da ni ce da na bar su sun je sun gano tasu ɓoyayyar hanyar. Ya ce su ba su yi masa komai ba.

Duk da haka shi ne na bakwai da ya ɓullo a kan tudun ƙarshe. Ina ganin sa na fara tsalle kamar yarinya. Saura taku ashirin ya shiga ƙarƙashin ƙofar gamawa, sai mai gadi ya tare shi da hannu biyu. Meshari ya taho da sauri.

"Ka rufa mini asiri, akwai manya a wurin nan. Ka zagaya ta baya, yalla, maza, zan sa a kawo maka abinci."

Yaya ya sauka. Leɓɓansa sun tsage. Na ɗauka zai ce "ma'alesh". Sai na ji muryar da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Rijiyar da ke bayan tanti na biyu, mene ne sunanta?"

Yaya bai jira amsa ba.

"Dutsen da kuka ɗora tuta fa? Tsohon da ya janye muku raƙumansa, wa sunansa? Faɗa musu, tunda kai ka gano! Kun mayar da hanyar gudunmu wurin wasa, na ce to, na nuna muku da hannuna. Shekara arba'in da uku ina bi ta baya a garin nan. Yau ɗaya na nemi in bi ta gaba."

Ya ɗaga keken ya maka shi da ƙasa har ƙafar gaba ta lanƙwashe. Wurin ya yi tsit, sai kiɗan lasifika. Biyu daga cikin waɗanda ya juyo da su daga kwari suna tsaye da lambobin yabo a wuya, ɗaya ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai. Othman ya ɗauki keken ya jefa a bayan mota, ya tura Yaya ciki kafin jami'an su ƙaraso. Ta hanyar tsakuwa muka dawo, Yaya yana nuna wa Othman kwana da hannu.

Ranar Lahadi Hatim ya same shi a ɗakin baya. Ya ce ya san an zalunce shi, amma ƙungiyar nan su ne rabin masu shigowa shagon, don haka ya daure ya kira Meshari ya ba shi haƙuri. Yaya ya wanke hannunsa da kananzir, ya tattara sifanoninsa a buhu, ya fito ta ƙofar gaba.

Yanzu a bakin gidansa yake aiki a Kurayyat, ƙarƙashin rumfar kwano. Masu kai burodi da masu tallan ruwa ne ke kawo masa faci. Abin da yake samu bai kai rabin na da ba, matarsa Sajida ta koma yin ƙosai da safe. Wasu 'yan ƙungiyar sukan aiko direbobinsu da kekuna, yana gane su tun daga nesa, ya ce a mayar. Ya zama mai saurin faɗa, har ni sai na auna magana kafin in faɗa masa. Na yi shekaru ina so ya daina haƙuri, yanzu da ya daina ban ji daɗin ba.

Bana ma an yi bikin, mahaya ɗari biyar aka ce. Da safen ranar ya hau keke shi kaɗai ya yi kudu, bakin teku. Bayan azahar ya biyo ta gidana, ya ce in zuba masa abinci. Ya ci loma biyu, ya ture kwanon, ya ce gishiri ya yi yawa.