Mitar Baba da Baffa ya ƙona

Ranar wata Laraba ce, shekarar da nake aji biyar a firamaren Taloka, ana tsaka da cirar albasa. Gidan Baffa, yayan mahaifina, ya cika da 'yan suna, maza sun jeru a kan tabarmi, ga janareta na ruri amma lasifika ta ƙi magana. Baba ya tafi kasuwa sayen kayan gyara, don haka ni aka aika gida in ɗauko mitarsa. Wallahi har yau in na tuna wannan aike sai raina ya ɓaci.

Baba mai gyaran rediyo ne, wannan mita mai allura kuma ita ce idonsa. Da ita yake gane inda waya ta tsinke da inda wuta take. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai, mace, ya bari na zauna gefen teburinsa, bayan na ɗebo ruwa na ba awaki dusa. Ƙawayena na can suna gaɗa, ni ina nan riƙe da jar waya da baƙa. Ya koya mini cewa kafin a taɓa komai sai an duba inda makullin mita yake, wato abin murɗawar da ke zaɓar irin awon da za a yi. In waya ake gwadawa, a kashe wuta tukuna, a kai makulli wajen om, gurbin gwajin waya marar wuta, a haɗa bakin wayoyin biyu a ga allura ta zabura. In wuta mai rai za a auna, a kai shi lamba mafi girma, hannu ɗaya kuma a bayan baya. Kullum yakan ce, "Dubi makulli, sannan ki miƙa hannu."

Da na kawo mita, Baffa ya karɓe ta. Ya sha ganin Baba yana haɗa wayoyin nan allura na motsi, sai ya ɗauka nan ne mita ke aiki. Ya yi ta murɗa makulli har ya kai om, allura ta zabura, ya yi murmushi ya nufi bakin janareta. Na ce, "Baffa, ba nan ba, za ta ƙone!" Yarinya ta gyara wa dattijo magana gaban surukansa! Ya harare ni ya ce, "Ke, mi kin ka sani?" Ya cusa wayoyin. Ji kake tas! Hayaƙi ya fito, allura ta doki ƙarshe ta lanƙwashe, shi kuma ya yi baya ya zauna cikin kwanon goro. Da ya tashi, sai ya ce ni na lalata mitar, na yar da ita a hanya. Maza fiye da ashirin sun gani, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Tir!

Da Baba ya dawo ya iske mu nan bakin tabarmi, ya ɗauki mita, ya shinshina, ya dubi makulli, ya dubi yayansa. Ina jira ya faɗi gaskiya. Sai ya juyo gare ni ya ce daga ranar kada in sake kusantar teburinsa. Duka bai kai wannan zafi ba. Ya koma gwada batir da harshe, rediyon mutane suka taru suna shan ƙura, ni kuma na koma daka, ina dakan gero kamar da turmin nake faɗa.

Yanzu ina haɗa wa mutane wutar sola daga Goronyo har Rabah, da mita mai lambobi wadda kan yi ƙara in ka yi kuskure. Duk ɗan koyon da ya ce mini in tsaya, tsayawa nake yi, ko shekarunsa goma. Ana saura kwana kaɗan Baba ya rasu ya sa aka ciro wani ƙunshi daga ƙasan akwatinsa. Mitar ce, makullinta na nan a om. Ya ce, "Ban taɓa murɗa shi ba, ɗiyata. Na sani tun ranan ba ke ba ce." Na karɓa ina kuka, kuma ina fushi. Na yafe masa, amma da ma a bakin tabarmin nan ya faɗa.