Tabarmar da Aka Shimfiɗa Mini a Garin Baushe

Kano

Ana sallame sallar asuba na rataya jaka na nufi tasha. Aikinmu a ofis shi ne karɓar adadin masu layin intanet mai sauri daga kamfanonin waya, gari-gari, mu tattara. Garin da lissafi ya nuna babu mai layin ko ɗaya, gwamnati kan sa shi cikin waɗanda za a kafa wa ƙarfen sabis. Wani ƙauye a fadamar Auyo, Garin Baushe, an cire shi daga ciki bara, domin wani kamfani ya ce yana da masu layi rututu a can. Ni dai abin bai kwanta mini ba, shi ya sa na roƙi a tura ni.

Kamfanin ya ce zai ba ni mota da direba. Na ce na gode. Wanda za ka bincika ba ya ɗaukar ka a motarsa. Na shiga ta haya, muka bi ta Ringim da Gujungu, a shingen 'yan sanda aka buɗe jakata ana juya na'urar awon sabis kamar za ta fashe.

Haɗeja

Da hantsi muka isa. Ina sauka sai ga wani dogo da hular kamfani yana washe baki, wai shi ne Ɗanladi, wakilinsu na yankin.

"Wa ya gaya maka yau zan zo?"

"Yallaɓai, Haɗeja ce fa. Direbanka ƙanin matata ne."

Raina ya ɓaci. Ya saya mini soyayyen kifi, na ƙi ci, ga yunwa tana cina. Na ce zai iya bi na, amma kada ya kira kowa a ƙauyen. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To, ba zan kira ba." Dariyar nan ta tsaya mini a rai har Auyo.

Auyo zuwa Garin Baushe

Daga Auyo babura muka hau ta cikin gonakin shinkafa, inda hanya ta ƙare muka shiga kwalekwale. Idona yana kan Ɗanladi, hannunsa bai je aljihu ya ɗauko waya ba.

Muna isa aka kira Bulama, mai garin, tsoho ne mai sanyin magana. Bai kai mu zaurensa ba. Ya sa aka ɗauki tabarma aka kai bayan gari, kan wani tudun da aka tara don tare ambaliya, ƙarƙashin tsamiya. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Na kunna na'ura, sai ga sabis cike, bidiyo yana tafiya ba gargada. Na tambayi mazan da ke wurin wa yake da layi da data. Kusan kowa ya zaro waya.

"Yaya sabis a garin nan?"

"Alhamdulillahi, Malam, mun gode Allah."

Ɗanladi yana ta lomarsa. Na ce a raina an sayi garin nan kaf, har da tsohon.

Da azahar muka gangara masallaci. Na fito ina sa takalmi na duba waya, babu ko ɗigo. Na zaga kasuwa, babu. Na shiga ɗakin shan magani, babu. Ma'aikaciyar wurin, Madam Rifkatu, 'yar Filato ce, ta ce in haihuwa ta zo da gardama sai an sami mai gudu ya hau tudu ya kira mota daga Auyo, in kuwa ruwa ya cika sai da kwalekwale ake isa tudun. Data kuma a Haɗeja suke saye ranar kasuwa, su zo su hau tudu su yi amfani da ita.

Na koma wurin Bulama da zafina.

"Ranka ya daɗe, nawa kamfani ya ba ku kuka kai ni tudun nan?"

Tsohon ya dube ni kamar na mare shi.

"Subhanallahi! Malam, baƙo kake, ɗan birni. Ina mu ina ajiye ka inda wayarka za ta mutu, iyalinka su neme ka su rasa? Ɗan'uwanka da ya zo bara ma nan muka sauke shi, har ya tafi yana sa mana albarka."

Kunya ta kama ni, tausayi ya biyo baya. Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla: abin da baƙon bara ya auna a kan tudun nan, shi ya gaskata lissafin kamfani, shi ya sa aka hana su ƙarfe. Na juya ga Ɗanladi na ce ai ya sani.

"Lambobina gaskiya ne, yallaɓai. Masu layi aka tambaye mu, ba a tambaye mu inda suke tsayawa ba."

Bulama ya ce, "Wato da hannunmu muka yi." Ya ɗaga murya ya ce a je a naɗo tabarmar nan a kawo ta zaure, duk baƙon gwamnati da ya sake zuwa a nan zai zauna. Ya riƙe hannuna muka bi gari lungu-lungu ina awo, shi da kansa yake sallama a kowace ƙofa yana cewa, "Ku fito ku faɗa masa babu."

Gida

Na kwana a Haɗeja, washegari da la'asar na iso Kano lafiya, na gode wa Allah, na gode wa mutanen Garin Baushe da tuwonsu. Na miƙa rahoto, na rubuta cewa a mayar da su cikin masu jiran ƙarfe. Shugabana ya ce rabon bana ya riga ya wuce, sai dai a duba na baɗi.

Jiya Bulama ya kira ni yana haki, domin hawan tudun ba na tsoho ba ne. Ya ce ruwa ya fara cikowa, yana so ya ji labari tun ana iya zuwa tudun da ƙafa. Na ce masa ana kan dubawa.

"To madalla, Malam," in ji shi. "Mun gode Allah."