Lamba Shida Da Na Hana Ɗiyata

Shekarun baya, lokacin da ƙafafuna ke iya kai ni fadama sau biyu a yini, ni ke rabon ruwa a kanal ɗinmu na bayan Wurno. Ba sarauta ba ce, kuma ba albashi. Amma da an sako ruwan rani, ba mai shayar da albasarshi sai ya biyo ƙofar gidana ya ji ko yau nashi ne. Layin kowa cikin kaina yake. Wani ya zo da goro, wani da gaisuwa kawai. Ina son abin, in faɗi gaskiya. Kuma ina da mantuwa. Ba sau ɗaya ba na ba mutum biyu rana guda, sunka haɗu bakin ruwa kowa da fartanya a hannu.

Ɗiyata ta biyu, wadda nake ce ma Uwata don sunan mahaifiyata gare ta, ta yi karatun kwamfuta a Sakkwato. Ita ta rubuta wata manhaja mai riƙe layin, tana tura ma kowane manomi saƙo ta waya: yau ruwanka ne, daga hantsi zuwa azahar. Matsalar ita ce abin cikin kwamfutarta yake zaune. In caji ya ƙare, ko ta rufe ta sa a jaka, saƙo ya tsaya.

Rannan ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce za ta ɗora shi a girgije.

Na ce, "Wane girgije da rani tsaka, Uwata?"

Ta yi dariya. "Baba, kwamfuta ce ta wani kamfani, can wata ƙasa, wadda ba a ɗauke ma wuta. Haya ake yi, kamar injin ban ruwa. Ka ɗauki ƙarami ka gwada, in gona ta ƙaru ka ɗauki babba."

Ina zaune ina kallo ta buɗe asusu, ta zaɓi mafi ƙanƙanta, irin wanda kamfanin ke ba masu koyo su gwada na ɗan lokaci. Ta ɗora manhajar, ta sa lambobin mutanen gida, ta rufe kwamfutarta. Can sai wayar mai ɗakina ta kawo saƙo wai yau ruwanta ne. Ta ce, "To, a miƙo min fartanya."

Abu guda ne ya shigo da ni ciki. Layin ɗiyata ba ya kama sabis a unguwarmu, nawa ke kamawa, don haka lambata ta sa. Ta ce duk ranar da ta shiga asusun daga wata kwamfuta, za a turo lamba shida a wayata, in karanta mata. Na ce to.

Da na ba abokina labari wurin mai shayi, sai ya tuntsure da dariya. "Kai dai ka haifi mai tuɓe ka. Baɗi warhaka waya ke rabon ruwa, kai ko sai korar awaki daga gonar mutane." Na taya shi dariya, amma maganar ta bi ni gida. Kwanaki na kasa zama wuri guda. In tafi fadama, in dawo, in sake komawa ba dalili. Duk wanda ya gaishe ni a hanya sai in ce a raina, wanga ma zai daina.

Sai ga taron shugabannin manoman rani na Wurno da Rabah da Goronyo, a Goronyo za a yi. Da ƙyar anka ba ɗiyata 'yan mintuna ta nuna aikinta. In sun yarda, a gwada shi wurare da dama a ranin nan. Ta riga ta kashe kwamfutar hayar don kada lokacin gwajinta ya ƙare a banza, kuma dole ta shiga ta kunna daga kwamfutar masu taron, wadda ke haɗe da majigi.

Da hantsi ta kira.

"Baba, sun turo lamba. Karanto min da sauri, mutane na jira."

Na janye wayar daga kunne na duba. Ga ta nan, shida cif.

"Wace lamba? Ban ga komi ba."

"Bari su sake turowa." Ta biyu ta shigo. "Yanzu hwa?"

"Uwata, ko da ta zo ma, ba ki jin rediyo na cewa kada a ba kowa lamba ta waya?"

"Baba, ni ce hwa."

"Har murya ana kwaikwayo yanzu."

 Ina jin surutun maza bayanta, wani na cewa a kira na gaba. Sai ta ce, "To, Baba. Sai na dawo."

Mai ɗakina na tsintar wake bakin ƙofa, duk ta ji. "Malam, mi ka yi?" Na ce sabis ne. Ta dube ni, ta ci gaba da tsintarta.

Ko sa'a guda ba a yi ba hankalina ya tashi. Na kira, wayarta a kashe. Na zura takalmi na nufi tasha, mota ta ƙi cika har rana ta take, na sauka na hau babur. Ina tafe ina nanata lambar a bakina kamar mai tilawa, ban san ta daɗe da daina aiki ba. Da na isa Goronyo anka ce taro ya tashi tun azahar. Mai share ɗakin ya ce, "Wagga ta Wurno? Ta tsaya tana ta danne-danne, wani dattijo ya ce ko girgijen ya wuce bai zubar ba. Anka yi ta dariya." Ita kuwa ta shiga motar Sakkwato.

Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ta buɗe sabon asusu da layinta, ta faro daga tushe. Sai da shekara ta zagayo wasu manoma wajen Rabah sunka karɓa, daga baya namu sunka bi. Ba wanda ya daina gaishe ni. Wadda ta daina zuwa da kwamfuta tsakar gida ita ce ɗiyata. In na tambayi aiki, sai ta ce lafiya lau, ta kawo wata hira.

Sai bayan shekara uku, ta zo sallah, na samu ƙarfin faɗa mata.

Ta ce, "Na sani, Baba. Wayarka na ƙara in saƙo ya shigo. Da ta biyu ta shigo, na ji ta cikin kunnena."

"Mi ya hana ki faɗi?"

"Gaban mutane? In ce ubana na ƙarya?" Ta gyara mayafinta. "Na yahe tun ranar."

Ku yaranmu masu koyon aikin nan, ku sa lambarku ta kanku, ku tanadi hanya ta biyu ta shiga, kuma ku gwada komi tun jajibiri. Iyakar abin da na sani ke nan game da girgije. Sauran darasin nawa ne. Ta yafe, na yarda ta yafe, amma har yau in na tuna sai in miƙe tsaye ban san inda za ni ba. Mutanen da na sa sunka yi mata dariya, gabansu ta tsaya ta rufa min asiri.