Inna Mai Bokiti da Gishirin da Ya Dawo

Shekara goma sha tara ta yi tana goge daɓen ɗakin kimiyya na makarantar. Inna Mai Bokiti ake ce mata, gajeruwa, in ta yi dariya sai ka ce kwanuka ne suka zube. Ba ta taɓa zama a aji ba.

Wata Talata ta makara, ta shiga da tsummanta malama na tsakiyar darasi. Ta ji tana cewa gishirin da ya narke a ruwa bai ɓace ba, yana nan. Ruwan kuwa rana ke kwashe shi sama, ya zama gajimare, ya dawo.

Inna ta saki tsumma. "Malama, ki gafarce ni. Ruwan da nake goge nan da shi, in ya bushe, sama yake tafiya?"

"Sama, Inna."

"Ashe kullum aike nake yi sama ban sani ba!"

Aji ya kwashe da dariya, tata ta fi ta kowa.

Tana isa gida ta dama gishiri cokali uku a kofi, ta juye a faranti, ta ɗora kan rufin kicin. Mijinta tela ya leƙo ta saman tabarau. "Yau kuma rana aka yi wa miya?"

"Ji da ɗinkinka, Malam."

Kyanwa ta kifar da na farko. Inna ta sake damawa. Rana ta uku ta hau kujera, ta tarar da farin ɓawo yana ƙyalli. Ta lasa, ta kurma ihu har tela ya soke yatsa. Ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar kowa ba sai ya lasa, har surukarta mai azabar tsabta.

Daga nan kicin ya shiga uku. Sukari ya narke, garin sabulu ya narke, mai ya yi ta yawo a sama. Yashi ya ƙi sam.

"Wannan danginku ne," ta ce wa tela.

Shekarar da za ta bar aiki, malama ta roƙe ta ta nuna wa 'yan aji ɗaya gwajin gishirin da kanta. Aka sa mata farar rigar gwaji, ta sauko mata har idon sawu. Ta naɗe hannuwa, ta buga tebur.

"To 'ya'yana, kowa ya miƙo harshe."