Ranar da Na Hana Gwaggo Maganina

Salama gare ku 'yan ajinmu na firamare, da duk masu tambayar Yaya Asabe ina Bilki ta shige. Da wayarta nake wannan rubutu. Tun da muka gama aji shida ba ku ji ɗuriyata ba.

Akwai abin da ko Inna ba ta sani ba. Tun kafin ranar da na faɗi a bakin rijiya, na daɗe ina ganin bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Jini ne ke zuba a cikina. Kunya ta hana ni faɗa.

Da zafi ya fara, a ƙasan ƙirji, kamar an ajiye mini garwashi. A gida aka ce tunani ne. Ni me na ajiye da zan yi tunaninsa?

Da na faɗi, Baba ya goya ni a babur daga Barkiya zuwa Kurfi, daga can aka tura mu Dutsin-Ma. Aka yi mini ƙarin jini, aka auna bayan gida. Aka ce gyambon ciki ne, kuma wata ƙwayar cuta ce ta jawo shi. Aka ba ni magani na mako biyu.

Ban kai rabi ba na fara cin tuwo. Sai Gwaggo Laure, yayar Baba, ta leƙo ɗakinmu. Ita ma ta shekara da shekaru tana fama da zafin ciki.

"Ke Bilki, ai kin miƙe. Miƙo sauran in taɓa, ciwon namu ɗaya ne."

A gidanmu magani kamar gishiri yake, wanda ya roƙa a ba shi. Na miƙa mata.

Bayan girbi ciwon ya dawo, ya fi na da. Wannan karon sai Katsina. Baba ya sayar da maraƙin da yake kiwo. Aka hana ni ci tun dare, aka zura mini siririn tiyo mai kyamara ta baki. Na ɗauka numfashina zai tsaya. Na riƙe hannun nas ina salati a zuci.

Likitar mace ce. Ta tambaya ko na shanye maganin farko. Na girgiza kai. Ba ta yi faɗa ba, sai ta jawo kujera.

Ta ce ƙwayar nan iri-iri ce, kamar gero. Wata da mugunta a halittarta take zuwa, gado ne daga iyayenta. Tana tsokanar jiki, jiki ya watso mata wani abu mai ƙuna don ya kashe ta. Ita kuwa tana da abin da take kashe ƙunar da shi, sai ta tsira, bangon cikin mutum ya sha wutar. Ta ce yadda cikina ya ci, da alama irin wannan ce gare ni.

"Rabin magani masu rauni yake kashewa, ya bar miki jarumai. Wannan na biyun, ko ƙwaya ɗaya kada ta yi ciwon kai. In ya ƙi, abin da ya rage mana kaɗan ne."

Maganin ya fi na farko wuya. Bakina kamar na tsotsi ƙarfe, ga tashin zuciya. Amma zafin ya fara sauka.

Ina zaune ina tsince wake Gwaggo ta zo, mata cike da tsakar gida.

"'Yar Katsina, an ce na bana ya fi ƙarfi. Kawo mu gani."

Na ce, "A'a, Gwaggo."

"Mi kika ce?"

"Ba zan bayar ba. Ki je a auna ki, a ba ki naki."

Kowa ya ji. Gwaggo ta tafa hannu. "Lallai! Ashe ɗiyar nan tana da baki? Kuɗin ƙanena ne fa!" Inna ta yi ta ƙifta mini ido. Na tashi na ɗaure maganin a bakin zanena, da shi nake kwana har ya ƙare.

Da muka koma aka sake gwaji. Babu ƙwayar cutar. Baba ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Baba da Inna da Yaya Asabe, da bawan Allahn da ya ba ni jininsa ban san ko sunansa ba.

'Yan'uwa, in kun ga baƙin bayan gida ku faɗa, ko da a kunnen mutum ɗaya ne. Ku je a auna. In an ba ku magani ku shanye, ko da kun ji sauƙi. Kada ku raba shi da kowa, ba rowa ba ce.

Har yau Gwaggo ba ta amsa gaisuwata sai da "uhm". Inna ta ce in je in ba ta haƙuri. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa in gaishe ta, in share mata ɗaki. Duk ranar da ta shirya zuwa asibiti, ni zan raka ta.

Haƙurin ne dai ba zan bayar ba.